Na'ura ta ce Baba ya kauce, Baba ya ce na'urar kurma ce

Nura Sitidiyo: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina da matsala, kuma yau ba ta kuɗi ba ce. Shekaranjiya aka kawo mini wani dattijo mai goge nan Aboabo, a Kumasi, tun iyayenmu na samari yake kiɗa a bukukuwan Zango. 'Ya'yansa ne suka haɗa kuɗi a ɗauki waƙoƙinsa shida a ajiye, don ƙarfi ya fara ja baya. Muka ɗauka lafiya lau. Da dare na zauna zan ɗora kibod a ƙarƙashi, sai abin ya ƙi zama. Na buɗe ma'aunin sauti, allurar ta ƙi tsayawa a tsakiya. Wani sautin ya yi ƙasa da kusan rabin maɓalli, wani ya ɗan haura. Na ce to tsufa ne, hannu ya soma rawa. Sai na sa Auto-Tune, manhajar nan mai gyara sauti, na jawo komai ya hau layi, gogen da muryar duka. A kunnena ya fito tas. Jiya ya zo na kunna masa, bai kai minti ɗaya ba ya ɗaga hannu ya ce in kashe. Ya ce, "Yaro, wa ka kira ya yi wannan kiɗan? Wannan ba gogena ba ne." Na juya masa allon kwamfuta na ce Baba duba, na'ura ce ta nuna an kauce. Ya ce na'urar kurma ce. Ya ɗauki sandarsa ya fita, ko kokon da aka saya masa bai taɓa ba. Don Allah wa ke da gaskiya?

Alhaji Garba Magazin: Wa alaikumus salam. Kai Nura, mutumin da ya yi shekara hamsin yana shafa wa izga ƙaro kake nuna wa allura? Mu nan Suame ko injin mota ne ya canza kuka, kunne muke fara kafawa kafin a jawo kwamfuta.

Nura Sitidiyo: Alhaji wallahi ban raina shi ba. Amma do-re-mi ai do-re-mi ne ko'ina a duniya.

Ticha Isiyaka: To nan ka zame, ƙanena. Bari in fara daga tushe, don darasin da nake yi wa 'yan aji biyu ne kowace shekara. Sauti kaɗawa ce. Tsirkiya ta kaɗa, ta kaɗa iska, iska ta kaɗa dodon kunne. In ta kaɗa sau 220 cikin sakan ɗaya, a ce 220 Hz. Ka danne tsirkiyar daidai tsakiyarta, rabin da ya rage zai kaɗa sau 440. Ka sake rabawa, 880. Abin mamakin shi ne kunne ba ya cewa ga sabon sauti. Cewa yake wancan ne dai, ya ƙara sirancewa. Turawa na kiran wannan tazarar oktaf, ni a aji ninki nake ce mata, yara sun fi ganewa. Ninki ba wanda ya ƙirƙira shi, a jikin tsirkiya yake. Amma yanka cikin ninkin gida 12 daidai wa daida, kamar yadda kibod ɗinka yake, wannan shiri ne na mutane. Wani ɗan sarautar Sin, Zhu Zaiyu, ya fitar da lissafinsa a 1584, Turai kuma sai da aka daɗe ana ja-in-ja kafin ya zama ruwan dare a fiyanonsu. Allurarka ba ta san wani abu ba bayan gidajen nan 12. Duk wanda ya tsaya tsakanin gida biyu, cewa za ta yi ya ɓata.

Abu Hafsa: Kafin a yi nisa, shi kansa gogen mene ne hukuncinsa? Wannan ya kamata a fara tambaya.

Admin Sule: Malam Abu Hafsa, wannan muhawarar mun yi ta a watan azumi, ta ci mana kwana uku da mutum biyu da suka fice. Yau maganar kunne ake. Ticha ci gaba.

Hajiya Rabi Asawase: Ticha, in na fahimce ka, abin da nake gani a makarantarmu kenan. In ana shirin walimar sauka, malam ya ja ƙasida da muryarsa mai kauri, 'yan mata su karɓa da tasu siririya. Ba wanda ya taɓa ce musu ku hau sama kaza. Su dai a ganinsu abin da malam ya yi suke maimaitawa, mu ma masu sauraro murya ɗaya muke ji. Sai kuma yaran maza da murya ta fara fashewa, su ne ke ba ni dariya. Yaro ya fara tare da mata, ya kai tsakiyar baiti maƙogwaro ya ƙi, sai ka ji ya faɗo gun malam, kuma bai fita daga waƙar ba.

Ticha Isiyaka: Shi ne fa Hajiya. Muryar babban namiji a magana tana yawo wajen 85 zuwa 180 Hz, ta mace wajen 165 zuwa 255. Kusan ninki ne a tsakani. Yaron nan da ya faɗo, ninki guda ya sauko, shi ya sa bai ɓata muku ba. Da rabin hanya ya tsaya, da kin jefe shi da alli.

Ustaz Mubarak: Salamu alaikum. Ba kiɗa zan yi magana a kai ba, fagen da na sani zan tsaya. Masu karatun Alƙur'ani a Masar suna da sunan wannan abin tun da daɗewa. In mai karatu ya fara da murya ƙasa, a ce yana ƙarar. In ya ɗauko ayar ya maimaita ta a sama, a ce jawab, wato amsa. Wanda Allah ya hore wa maƙogwaro har jawabul jawab yake kaiwa. Wanda ya saba sauraron Shaihu Abdulbasit Abdussamad ya san inda mutane ke ɗaukar kabbara, galibi a nan ne. To amma Nura, ga inda nake so ka lura. A cikin maƙamai, wato tsare-tsaren sauti na Larabawa da ake jan murya a kai, irin su rast da bayati, akwai sautin da ba ya kan farin maɓalli, ba ya kan baƙi, yana tsakani. Ba kuskure ba ne, shi ne ma gishirin maƙamin. Farabi, masanin falsafa da kiɗa wanda ya rasu a 950, ya rubuta wurin da wani gwanin kiɗan ud (garayar Larabawa) na Bagadaza mai suna Zalzal yake ɗora yatsarsa a kan tsirkiya, tsakanin wurare biyu da kowa ya sani. A 1932 an yi babban taro a Alƙahira, aka tattauna batun yanka ninkin gida 24, su kansu masanan ba su zama baki ɗaya ba. Ka ɗauko karatun kowane gwani ka sa masa wannan na'urar taka, ita ma za ta ce ya kauce.

Nura Sitidiyo: Subhanallah. Ustaz ka kashe mini jiki. To shi ya sa kibod ɗin Larabawa ke da wasu maɓallai ƙanana a gefe? Na taɓa ganin irinta a wani shago a Adum na ɗauka ado ne.

Ustaz Mubarak: Su ne. Ka danna ɗaya, sautin ya sauko da rabin gida.

Ticha Isiyaka: Bari in ba ku ma'auni da kuɗinmu don lissafin ya yi sauƙi. Ku ɗauka ninki ɗaya sidi 12 ne. Kowane maɓalli sidi ɗaya, kowane sidi pesuwa 100, jimla 1,200. Ba ni na ƙago ba, wani Bature ɗan Ingila, Alexander Ellis, ya kawo wannan awon a shekarun 1880, ni dai na canza masa kuɗi ne. To sautuka biyu da suka fi daɗin haɗuwa bayan ninki su ne masu kaɗawa uku a kan biyu, kamar 300 da 200, wato do da so. Tazararsu ta gaskiya sidi 7 da pesuwa 2. Kibod na ba ka sidi 7 cif, ta cinye pesuwa 2. Wannan ba wanda zai kai ƙara. Amma do da mi, wato biyar a kan huɗu, tazararsu sidi 3 da pesuwa 86. Kibod na karɓar sidi 4. Pesuwa 14 ta ɗora maka, kuma kunnen da ya goge yana kama bambancin da bai wuce pesuwa 5 ko 6 ba. Kenan Nura, ita kanta kibod ɗin da kake auna Baba da ita a kauce take. Mun saba da ita ne kawai, kamar yadda muka saba da ramukan titin unguwa.

Memuna Alabar: Ticha me ya sa to ba su gyara ba, tunda sun san da cutar?

Awudu Mai Fiyano: Wannan tawa ce, a bar mini. Ba ta gyaruwa, 'yar uwa. Ni sana'ata kenan, wurin wani dattijo Batone, wato ɗan ƙabilar Asante, na koya, muna bin coci-coci da makarantu daga nan har Cape Coast. Ka fara daga do ka hau so mai tsabta, daga shi ka sake hawa irin wannan tazarar, haka har sau 12, ya kamata ka dawo kan do, ninki bakwai a sama. Ba ka dawowa. Kana wuce shi da pesuwa 23 da ɗoriya. Kamar tela ne ya auna yadi ya zagayo, ya ga baki bai haɗu da baki ba. Dole wannan rarar a san inda za a ɓoye ta. Mutanen da suna tara ta wuri guda su guje wa wurin, har suna kiransa kura don yadda yake kuka, su dai kyarkeci suke cewa. Na yanzu suka ce a raba wa kowa pesuwa bibbiyu kowa ya ɗanɗana. Shi ke nan sirrin.

Amma ga abin da na zo faɗa. Shekarata ta biyu da koyo na sayi ma'auni na batir, ina ji da kaina. Maigida ya tura ni wata makaranta ni kaɗai. Na zauna tun safe har la'asar, maɓalli 88, kowanne sai da allura ta tsaya cak a tsakiya. Malamar da ke kaɗa fiyanon ta zo, wata tsohuwa mai tabarau. Ta taɓa tsakiya ta gyaɗa kai. Ta kai hannun dama can ƙarshe, ta yamutsa fuska kamar ta tauna tsamiya, ta ce sama ya kwanta. Na nuna mata allura, kamar dai yadda Nura ya yi. Ko kallo ba ta yi ba. Na koma na faɗa wa maigida, ya yi dariya har da tari. Washegari ya zo da makullinsa, bai kunna ma'auni ba. Ya buga maɓalli biyu tare ya ce in saurara. Sai na ji wani abu na wau-wau-wau a cikin sautin. Ya murɗa kaɗan, wau ɗin ya rage gudu, ya sake murɗawa, ya kwanta ɗif. Na ɗauko ma'aunina a ɓoye na duba, na ga na saman ya haura layi. Muna ƙara hawa yana ƙara haurawa, can ƙarshen fiyano har wajen pesuwa 30. Na ƙasa kuma ya sa su sun yi ƙasa da layi. Tsohuwa ta zo ta taɓa ta ce yauwa.

Nura Sitidiyo: Yaya Awudu kana nufin ninkin ma ba biyu cif ba ne?

Awudu Mai Fiyano: A fiyano kam a'a. Wayar ƙarfe ce mai tauri, ba ta lanƙwasa yadda littafi ke so. Ƙananan sautukan da ke fita tare da babban sai su ɗan haura inda ya kamata su tsaya, dole ka buɗa ninkin ya same su. Wani Ba'amurke, Railsback, ya auna fiyano da dama da gwanaye suka saita, a 1938 ya fitar da zanen, duk haka suke. Shi wau-wau ɗin kuwa lissafinsa sauƙi ne. In ɗaya na 440 ɗaya na 442, sau biyu za ka ji shi a sakan.

Ticha Isiyaka: Kuma ba a fiyano kaɗai ba. An sha gwada mutane da sautin inji zalla, a ce su murɗa har sai sun ji ninki ya cika. Yawanci sai sun ɗan wuce biyu cif suke cewa ya yi. Kunne na son ninki da ɗan gyara a kai, kamar mai sayen gari a kasuwar Kejetia.

Yakubu Bronx: Ina ta karanta ku daga wurin aiki, dare ne a nan. Ticha ka yi ƙoƙari amma ban yarda da rabin maganarka ba. Ka ce gida 12 shirin mutane ne, ninki kuma halitta ne. To akwai wasu mutane a dajin Bolibiya, Tsimane, ba su cika jin kiɗan waje ba. Masu bincike, Nori Jacoby da Josh McDermott da abokansu, suka je suka kunna musu sautuka suka ce su rera. An buga sakamakon a 2019. In aka kunna wa Ba'amurke, musamman makaɗi, sautin da ya fi ƙarfin maƙogwaronsa, sai ya sauko da shi ninki ɗaya ko biyu, kamar yaron Hajiya. Su Tsimane ba su yi haka ba. Sun riƙe tazarar da ke tsakanin sautukan, amma inda suka ga dama suka fara. Kenan shi ma jin ninki a matsayin abu ɗaya koyonsa ake.

Ticha Isiyaka: Na san binciken, Yakubu, kuma ka faɗe shi daidai, sai dai ka bar wutsiyarsa. A cikinsa aka ga su ma da ninkawa kunnensu ke auna tazara, ba da ƙari ba. Wato daga 200 zuwa 300 da daga 400 zuwa 600 tafiya ɗaya ce a wurinsu, kamar kowa. Kuma sautin na wuce wajen 4,000 sai su rikice, Amurkawan ma su rikice. To ƙasa ɗaya ce, shukar ce ta bambanta. Na yarda sabo na da hannu. Wanda ya tashi inda maza da mata ke waƙa tare kullum, dole ninki ya zauna masa.

Yakubu Bronx: Ka ga ka dawo hanyata kenan.

Ticha Isiyaka: Ban dawo ba, na matsa maka ne ka zauna.

Zainabu Nas: Ku bari in shiga tsakani, tunda kunnen da kuke ta ja a kai ni nake leƙa shi kullum. Abin da muke kira dodon kunne fata ce kawai, ƙofa ce. Bayanta akwai ƙasusuwa uku ƙanana, sai wani abu a naɗe kamar dodon koɗi, cike da ruwa. In aka warware shi bai wuce milimita 35 ba. A ciki akwai wani shimfiɗaɗɗen zare, bakinsa siriri ne mai tauri, can ciki kuma faffaɗa mai laushi. Siririn sauti a baki yake kaɗa shi, mai kauri sai ya shige ciki. Georg von Békésy ne ya gano wannan, aka ba shi kyautar Nobel a 1961. A kan zaren akwai ƙwayoyi masu gashi, wajen 3,500 ne ke kai saƙo ƙwaƙwalwa. To ƙwaƙwalwa na samun labari ta hanya biyu: wane wuri ne ya kaɗa, da kuma yadda jijiya ke bugawa tana bin kaɗawar. Hanya ta biyun tana gajiya in an wuce 4,000 zuwa 5,000. Shi ya sa yaro mai lafiyar kunne ke ji daga 20 har 20,000, kusan ninki goma, amma can sama tsiwa kawai yake ji, ba zai iya rera ta ba. Yaya Awudu, maɓallinka na ƙarshe nawa ne?

Awudu Mai Fiyano: 4,186. Na farko 27 da rabi. Ashe masu ƙera ta sun san inda kunne ya tsaya.

Ticha Isiyaka: Ga kuma hujjata ta ƙarshe a kan Yakubu. Tsirkiya ba ta fitar da sauti ɗaya. Mai 220 tana fitar da 440 da 660 da 880 da sauransu a lokaci guda, ƙasa-ƙasa. Mai 440 kuma tana fitar da 880 da 1,320. Duba da kyau, duk abin da ta biyun ke da shi, yana cikin ta farkon. Ɗa ne ya shigo gidan ubansa, ba baƙo ba. Har ma in ka cire uban, ƙwaƙwalwa na mayar da shi. Layin waya na da, daga 300 zuwa 3,400 kawai yake ɗauka. Muryar Alhaji Garba ba ta kai 300 ba, amma in ya kira ka yana bin bashi, da kaurinta za ka ji ta.

Alhaji Garba Magazin: Kai Ticha, ka biya ni kuɗin birki tukuna. Amma Zainabu 'yata, ni wata tambaya gare ni. Jikokina na cewa waya na ƙara ni ban ji ba. Kuma in na toshe kunnen dama na saurari rediyo, na toshe na hagu, sai in ji kamar muryar ba ɗaya ba.

Zainabu Nas: Baba Alhaji, ƙwayoyin bakin zaren nan masu jin siririn sauti su ke fara mutuwa, da shekaru da kuma hayaniya, kuma ba sa tsirowa. Shekara nawa kana tsakanin guduma da injin yankan ƙarfe? Na biyun ma sananne ne, kunne ɗaya ya ji sauti sama kaɗan da ɗayan. Ka zo a auna ka, ba ciwo, ba allura. Kai ma Nura, abin kunnen nan da kake kwana da shi, ka rage masa wuta. Ƙarar da ta kai dasibel 85 a ma'aunin ƙarfin ƙara, awa takwas ne iyakarta a rana.

Nura Sitidiyo: To Anti Zainabu kin dawo da ni farko. Ba zai yiwu kunnen Baban ne ya tsufa ba?

Zainabu Nas: Zai yiwu. Ban gan shi ba, ba zan yanke ba.

Ticha Isiyaka: Akwai hanyar ganewa, kuma tana hannunka. Ka koma kan asalin ɗaukar, wadda ba ka taɓa ba. Ka zaɓi sautin nan da ka ce ya yi ƙasa da rabin gida. Ka bi shi duk inda ya fito a waƙoƙi shidan, ka rubuta inda allura ta tsaya. Mai kuskure warwatsuwa yake, yau sama gobe ƙasa. Wanda ya nufa kuwa, rami ɗaya zai riƙa faɗawa. Ka kuma ƙirga sautuka nawa yake amfani da su kafin ya kai ninki. Yawancin kiɗan goge a kan biyar yake tafiya, haka gyil, kiɗan jeren katako na Dagarawa can arewa. Marigayi Farfesa Nketia, masanin kiɗa na Jami'ar Ghana da ke Legon, ya yi bayanin irin waɗannan tsare-tsaren tun tuni. Akwai ma inda ake raba ninkin kusan biyar daidai, kamar amadinda ta Uganda, ita ma jeren katako ce, kowane taki wajen sidi 2 da pesuwa 40. Ban ce na Baba haka yake ba, ka auna ka gani.

Hajiya Rabi Asawase: Ni kuma tun ɗazu wani abu ke cina. Ku duk kuna maganar sauti kamar dutse ne a ajiye. Goge fa magana yake yi. Mu da muka tashi muna ji, in ya ja kirarin mutum, ba sai mawaƙi ya buɗe baki ba, matan gidan sun riga sun rangaɗa guɗa. Hausa kuma da hawa da sauka take. Ka ce wuyana na ciwo, ka ce na sha wuya, baƙaƙen ɗaya ne, murya ce ta raba su. Haka kukan yaro da miyar kuka. Kalangu da hammata ake matsa shi ya bi wannan hawa da saukar, Tonawa kuma da gangunansu na atumpan biyu, mace da namiji. To in Nura ya bi ya daddatse duk inda gogen ya zamo daga sama zuwa ƙasa, ai ba sauti kaɗai ya gyara ba, bakin mutum ya kama.

Nura Sitidiyo: Hajiya wallahi kamar kina wurin. Daidai inda ya ɗaga hannu kenan, wurin kirarin wani tsohon Sarkin Zango. A asali gogen sulalowa yake kamar ruwa a kwano, bayan na gyara sai ya koma kamar mai saukowa daga bene taki-taki.

Yakubu Bronx: Shi ya sa nake cewa mu masu irin wannan harshe mun fi Turawa kunne. Wata mai bincike, Diana Deutsch, ta gwada ɗaliban kiɗa a Beijing da na Amurka, 'yan Sin suka fi su nesa wajen faɗin sunan sauti daga ji ɗaya.

Ticha Isiyaka: 'Yan Sin aka gwada, ba 'yan Aboabo ba. Kuma namu hawa da saukar na dangantaka ne. Ka saurari kanka ka faɗi doguwar jimla, muryar na gangarowa a hankali, har mai hawan da ke ƙarshe ya iya zama ƙasa da mai saukar da ke farko, kuma ba wanda ya rikice. Abin da ke kusa da shi muke auna shi da shi. Baba ma haka yake yi da gogensa.

Nura Sitidiyo: To ko 440 ɗin ma, wato sautin la da ake saita kayan kiɗa a kai, bai kamata ya ɗaure tsirkiyarsa a kai ba?

Awudu Mai Fiyano: Wace 440? A Landan aka zauna a 1939 aka amince da ita. Kafin nan Faransa ta kafa 435 da doka a 1859. Har gobe akwai ƙungiyoyin kiɗa a Turai da ke kan 442 ko 443, masu kiɗan zamanin da kuma suna kan 415. Shi Baba da maƙogwaronsa yake ɗaurewa. Ga fatar guza a kan ƙwarya, ga izgar doki, ga damshin Kumasi. Da damina fatar ta saki, da hunturu ta ɗaure. Fiyanon ƙarfe ma sai na koma mata bayan hunturu, balle ƙwarya.

Memuna Alabar: Ni dai abin da na karanta da ya tsaya mini, sauron da ke kawo zazzaɓin shawara, macen na kaɗa fiffike wajen 400, namijin wajen 600, in za su haɗu sai su daidaita a 1,200. Uku a kan biyu kenan ko Ticha? Ashe do da so suke yi mana a kunne duk dare.

Admin Sule: Memuna an gode, yau kuma da wannan za mu kwana.

Nura Sitidiyo: Jama'a barkanmu da asuba, ban runtsa ba. Na yi abin da Ticha ya ce. Sautuka biyar ne. Wanda na ce ya yi ƙasa, na bi shi wuri 40 na gaji na bari. Indai ya tsaya a kansa ya ja, allura wuri ɗaya take zuwa, ɗan motsin bai taka kara ya karya ba. Waƙar da ya yi da safe da wadda ya yi bayan azahar, ya sake ɗaure tsirkiya a tsakani, duka gogen ya ɗan hau, amma tazarar tana nan yadda take. Ninkinsa kuma ya ɗan buɗe kaɗan, irin na Yaya Awudu. Ni da na yi shekara shida a wannan aiki ba zan iya maimaita sauti haka ba ko da kibod a gabana. Kunya ta ishe ni. Na shiga cikin saitin kibod ɗin na sauke maɓallan ɗaya bayan ɗaya suka koma inda yake, guda biyar, sauran na manna musu takarda don kada hannu ya kai.

Alhaji Garba Magazin: Saura ban haƙuri. Kada ka kira a waya, ka taka da ƙafarka, ka riƙe goro.

Safiya Sawaba: Salamu alaikum, wata ƙawata ce ta turo mini wannan hirar, ashe kakana ake magana. Na karanta masa daga farko har ƙarshe bayan sallar asuba, ina fassara masa lissafin Ticha da kuɗi yana dariya. Ya ce a gaya wa Hajiya ita ce ta gane. Ya ce a gaya wa mai fiyano yana son ganinsa. Yaya Nura, ya ce zai zo Asabar bayan la'asar, amma kada ka kunna kibod sai ya ji ta da kunnensa tukuna, in ba ta yi masa ba a nemo mai kalangu. Kuma ya ce kokon ranar nan ya huce ne shi ya sa ya bar shi, wannan karon a sayo mai zafi, da ƙosai.